Harshen Rust

Rust harshe ne na gina manhajar kwamfuta wanda aka tsara domin ayyukan da ke kusa da jikin na'ura, irin su babbar manhaja, burauza, direbobin na'urori da manhajojin da ake dasawa cikin ƙananan injuna. Graydon Hoare, wanda ma'aikacin Mozilla ne a lokacin, shi ne ya fara shi a shekarar 2006, kuma an fitar da tsayayyar sigarsa ta farko, wato 1.0, ranar 15 ga Mayu, 2015. Harshen kyauta ne, ana rarraba shi ƙarƙashin lasisin MIT da Apache 2.0.

An fi sanin Rust da tsarin mallaka da aro, wanda ke ba kwamfaila damar gano kurakuran amfani da ma'adana tun kafin manhaja ta fara aiki. Kwamfaila ita ce manhajar da ke juya rubutun maginin manhaja zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Wannan tsari shi ne tushen yawancin yabon da ake yi wa harshen da kuma ƙorafin da ake yi a kansa. Shi ne kuma ya sa masu gina Rust suka ba kayan aikinsa muhimmanci daidai da harshen kansa, domin harshe mai tsauraran dokoki yana buƙatar kayan aikin da za su sauƙaƙa bin dokokin.

Matsalar ma'adana

Kowace manhaja idan tana aiki takan karɓi wuri a ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, wadda aka fi sani da RAM, ta ajiye bayananta, idan ta gama ta mayar da wurin. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs a farkon shekarun 1970, da C++ da ya biyo bayansa, alhakin karɓa da mayarwa yana wuyan maginin manhaja. Hakan yana ba da sauri da cikakken iko, amma yana buɗe ƙofar kurakurai sanannu: amfani da wuri bayan an mayar da shi, mayar da wuri ɗaya sau biyu, karatu ko rubutu ya zarce iyakar wurin da aka ware, da kuma layukan aiki biyu su taɓa bayani ɗaya a lokaci guda ba tare da tsari ba.

Irin waɗannan kurakurai ne masu kutse suka fi bi su shiga kwamfutocin jama'a. Ɓarakar Heartbleed da aka gano a manhajar tsaro ta OpenSSL a 2014 ta samo asali ne daga karatun da ya zarce iyaka. Mai kutse yana iya kwasar bayanai har kilobait 64 a kowane yunƙuri, kuma a cikinsu ana iya samun kalmomin sirri da mabuɗan tsaro. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake gyarawa a manhajojinsa duk shekara kurakuran ma'adana ne. A 2020 masu gina burauzar Chromium suka fitar da adadi kusan iri ɗaya game da manyan ɓarakokinsu.

Harsuna kamar Java, C# da Go sun bi wata hanya, inda wani sashe da ake kira mai kwashe shara yake aiki tare da manhajar yana mayar da wuraren da aka daina amfani da su. Wannan yana kawar da yawancin kurakuran, sai dai yana cin ƙarin ma'adana, kuma yana iya dakatar da aiki na ɗan lokaci. Saboda haka bai dace da zuciyar babbar manhaja ko ƙaramar na'urar da ke da ma'adana kaɗan ba. Burin Rust shi ne a samu tsaro irin na rukuni na biyu tare da sauri irin na rukuni na farko.

Tarihi

Hoare ya fara Rust ne a matsayin aikin kansa. Mozilla ta fara ɗaukar nauyin aikin a 2009, aka sanar da shi ga jama'a a 2010. An rubuta kwamfailar farko da harshen OCaml, sannan aka sake rubuta ta da Rust kansa, kuma a 2011 ta iya juya rubutunta da kanta. Sigar 0.1 ta fito a Janairun 2012. A wannan shekarar ce Mozilla ta fara Servo, injin burauza na gwaji, wanda ya zama fagen gwada harshen a babban aiki. Hoare ya sauka daga jagorancin aikin a 2013, kuma daga 2014 aka koma yanke shawara kan manyan sauye-sauye ta hanyar rubutattun shawarwari da ake kira RFC, waɗanda kowa zai iya karantawa ya tofa albarkacin bakinsa.

Rust na shekarun farko ya sha bamban da na yau. Yana da nasa nau'in manuni mai alamar @ da aka tanada domin mai kwashe shara, yana kuma da ƙananan layukan aiki da harshen ke sarrafawa da kansa maimakon babbar manhaja. An cire duka biyun kafin sigar 1.0. Dalili shi ne tsarin mallaka ya nuna zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai, kuma cire su ya ba da damar a saka Rust cikin manhajar C ko a na'urar da ba ta da babbar manhaja.

Firefox 48, da ta fito a 2016, ta zo da rubutun Rust a sashen karanta fayilolin MP4. A Nuwamban 2017 Firefox 57 ta zo da Stylo, injin tsara fasalin shafuka da aka ɗauko daga Servo. A Agustan 2020 Mozilla ta sallami ma'aikata kusan 250, ciki har da masu aikin Servo, lamarin da ya tayar da tambaya kan makomar harshen. Ranar 8 ga Fabrairu, 2021, aka sanar da kafa Gidauniyar Rust, wadda kamfanonin AWS, Google, Huawei, Microsoft da Mozilla suka assasa.

Mallaka da aro

A Rust kowane abu da aka ajiye a ma'adana yana da mai shi guda ɗaya, wato sunan da ke riƙe da shi a cikin rubutun. Idan aikin mai shi ya ƙare, ana mayar da wurin nan take. Idan aka miƙa abin ga wani suna, mallaka ta koma can, sunan farko kuma ba shi da sauran iko a kansa. Ga misali:

let gaisuwa = String::from("sannu");
let sabuwa = gaisuwa;
println!("{}", gaisuwa);

A layi na biyu mallakar kalmar ta tashi daga gaisuwa ta koma sabuwa. Layi na uku yana neman amfani da sunan da ya riga ya rasa mallaka, don haka kwamfaila za ta ƙi juya rubutun, ta nuna kuskure mai lamba E0382.

Wanda ke son amfani da abu ba tare da ya mallake shi ba sai ya are shi. Aro iri biyu ne: aron karatu, wanda mutane da yawa za su iya yi a lokaci guda, da aron gyara, wanda mutum ɗaya kawai zai iya riƙewa, kuma muddin yana hannunsa babu wanda zai karanta. Doka ta uku ita ce aro ba zai wuce tsawon ran abin da aka ara ba. Sashen kwamfaila da ke tabbatar da waɗannan dokoki shi ake kira mai binciken aro. Dokokin da ke hana amfani da wurin da aka mayar su ne kuma ke hana layukan aiki biyu yin karo a kan bayani ɗaya, tunda ba za a samu mai gyara da mai karatu a lokaci guda ba.

Rust bai ƙirƙiri waɗannan dabaru daga babu ba. Ya ɗauko tunanin wa'adin manuni daga harshen bincike na Cyclone, mayar da wuri idan mai shi ya gama daga C++, daidaita siffofi daga dangin ML, da tsarin halayen nau'o'i daga Haskell. Haka kuma harshen ya guje wa manunin da ba ya nuna komai, wanda Tony Hoare, masanin Birtaniya, ya shigar cikin ALGOL W a 1965 kuma daga baya ya ce babban kuskure ne. A madadinsa Rust yana da nau'in Option, wanda ke tilasta wa magini ya faɗi abin da za a yi idan babu komai. Kurakuran da ake iya farfaɗowa daga gare su kuwa ana mayar da su ne cikin nau'in Result.

Iyakar tsaron

Akwai ayyukan da kwamfaila ba za ta iya tabbatar da ingancinsu ba, kamar magana kai tsaye da kayan na'ura ko kiran rubutun C. Domin su aka tanadi kalmar unsafe. A cikin sashen da aka yi wa wannan alama, magini yana iya bin manuni marar kariya, kuma alhakin tabbatar da inganci ya koma kansa. Alamar ba ta kashe mai binciken aro, tana buɗe wasu ƙofofi ne ƙalilan. Amfaninta shi ne tana taƙaita wuraren da mai bita zai zuba wa ido. Hatta laburaren da ke zuwa tare da harshen yana amfani da ita a ciki, sannan ya fito da hanyar amfani mai tsaro a waje.

Saboda tsaron dukan manhaja ya rataya ne a kan waɗannan sassa, an samar da kayan bincikensu. Miri yana gudanar da rubutu sannu a hankali yana neman karya dokokin ma'adana. Aikin bincike na RustBelt, wanda Ralf Jung da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, ya yi amfani da hujjar lissafi wajen tabbatar da ingancin ginshiƙin harshen da wasu sassan laburarensa, kuma a yayin aikin an gano kuskure na gaske a laburaren aka gyara. Ya kamata kuma a lura cewa Rust ba ya hana kuskuren tunani a cikin manhaja, ba ya hana layukan aiki biyu su maƙale suna jiran juna, kuma bai yi alkawarin hana ɗigar ma'adana ba.

Kayan aiki

Kwamfailar harshen ita ce rustc. Tana bincika nau'o'i da aro, sannan ta miƙa wa LLVM aikin samar da umarnin na'ura. A 2016 aka ƙara mata wani matakin tsakiya mai suna MIR, wanda ya ba da damar sake rubuta mai binciken aro. Tsohon yana ɗaukar aro a matsayin mai rai har ƙarshen sashen da aka yi shi, don haka yana ƙin rubutu da yawa da ba su da matsala. Sabon, wanda ya fara fitowa a Disambar 2018, yana ɗaukar aro ya ƙare a wurin da aka yi amfani da shi na ƙarshe.

Tunda kwamfailar tana ƙin rubutu fiye da na sauran harsuna, an ɗauki saƙon kuskure a matsayin ɓangaren tsarin harshen. Saƙon yakan nuna layin da aka miƙa mallaka, da layin da aka sake amfani da abin, sau da yawa kuma ya ba da shawarar gyara. Yawancin kurakurai suna da lamba, kuma umarnin rustc --explain tare da lambar yana fito da dogon bayani da misalai.

Cargo, wanda Yehuda Katz da Carl Lerche suka fara a 2014, shi ne ke haɗa manhaja, ya sauko da laburaren da take buƙata, ya gudanar da gwaje-gwaje, ya kuma samar da takardun bayani. Ana kiran ƙunshin rubutun Rust da sunan crate, kuma ana ajiye na jama'a a rumbun crates.io. Magini yana rubuta buƙatunsa a fayil ɗin Cargo.toml, shi kuma Cargo.lock yana riƙe ainihin sigar kowane ƙunshi, domin duk wanda ya haɗa manhajar ya samu abu iri ɗaya. Sigar da aka wallafa ba a sauya ta. Marubucinta yana iya janye ta domin sababbin ayyuka su daina ɗaukarta, amma waɗanda suka riga suka dogara da ita za su ci gaba da samunta. A duniyar C da C++ babu kayan aiki guda da kowa ya yarda da shi domin wannan aiki, shi ya sa Cargo yake cikin abubuwan da masu amfani da Rust suka fi yabawa.

Sauran kayan sun haɗa da rustup mai girka sigogin kwamfaila, rustfmt mai daidaita fasalin rubutu, Clippy mai nuna rubutun da ya halatta amma bai dace ba, da rustdoc wanda ke gwada misalan da ke cikin takardun bayani domin kada su tsufa. Taimakon da manhajar rubutu ke bayarwa yayin da magini ke bugawa ya zo da tasa matsalar. An gina rustc ne domin ta karanta cikakken rubutu daga farko zuwa ƙarshe, alhali manhajar rubutu tana buƙatar amsa nan take a kan rubutun da ba a kammala ba. Kayan aikin farko, RLS, ya dogara da rustc, saboda haka yana da nawa. A 2022 aka maye gurbinsa da rust-analyzer, wanda aka gina daga tushe domin wannan buƙata.

Sigogi da bugu

Ana fitar da sabuwar tsayayyar siga duk bayan mako shida. Sabon abu yakan fara ne a sigar da ake haɗawa kowane dare, inda sai magini ya kunna shi da gangan, sannan ya wuce sigar gwaji kafin ya isa tsayayya. Alkawarin aikin shi ne rubutun da ya yi aiki a tsayayyar siga zai ci gaba da aiki a masu zuwa, in ban da wasu gyare-gyaren ɓaraka. Domin cika wannan alkawari ana amfani da Crater, wanda ke gwada sabuwar kwamfaila a kan ƙunsoshin da ke crates.io ya nuna waɗanda suka karye.

Sauyin da zai karya tsohon rubutu kuwa ana ajiye shi ne sai sabon bugu. An yi bugun 2015, 2018, 2021 da 2024, wanda na ƙarshen ya fito a Fabrairun 2025 tare da sigar 1.85. Kowane ƙunshi yana zaɓar bugunsa, kuma ƙunsoshi masu bugu daban-daban suna aiki tare a manhaja ɗaya. Ta haka ne bugun 2018 ya mayar da async da await keɓaɓɓun kalmomi ba tare da ya ɓata tsofaffin rubuce-rubucen da suka yi amfani da su a matsayin suna ba. Sauyi daga Python 2 zuwa Python 3, wanda ya raba masu amfani da harshen fiye da shekara goma, yana cikin misalan da ake kawowa na abin da wannan tsari ke kaucewa.

Matsalolin da ake fama da su

Ta farko ita ce wahalar koyo. Wasu tsare-tsaren bayanai da ke da sauƙin rubutawa a C, kamar jerin da kowane ɗa ke nuna na gabansa da na bayansa, ba su dace da dokar mai shi ɗaya ba, sai an bi ta ƙidayar masu riƙo ko ta unsafe.

Ta biyu ita ce jinkirin kwamfaila. Idan aka rubuta aiki ɗaya domin nau'o'i da yawa, rustc tana samar da kwafi daban ga kowane nau'i. Wannan yana sa manhaja sauri, amma yana ƙara wa LLVM aiki, yana kuma ƙara girman fayil. An rage matsalar da cargo check, wanda ke bincike kawai ba tare da samar da umarnin na'ura ba, da kuma juyin da ke maimaita sassan da suka sauya kaɗai, wanda aka kunna wa kowa a sigar 1.24 a 2018.

Ta uku ita ce yawan dogaro da ƙunsoshin waje. Laburaren harshen ƙarami ne da gangan, don haka manhaja ɗaya tana iya jawo ɗaruruwan ƙunsoshi. A 2022 an gano ƙunshi mai cutarwa mai suna rustdecimal a crates.io, wanda ya kwaikwayi sunan rust_decimal domin kama masu kuskuren bugawa. Kayan aiki kamar cargo-audit suna duba ƙunsoshi su kwatanta da jerin ɓarakokin da aka sani. Irin wannan dogaro ya shafi ayyukan da ke jiran amsa daga intanet: async da await sun tsayu a sigar 1.39 a Nuwamban 2019, amma harshen bai zo da injin gudanar da su ba, sai an ɗauko na waje kamar Tokio.

Ta huɗu ita ce na'urorin da harshen ke kaiwa. LLVM ba ya tallafa wa duk nau'o'in furosesa da GCC ke tallafawa. Lokacin da ƙunshin cryptography na Python ya fara buƙatar Rust a Fabrairun 2021, masu amfani da wasu tsofaffin na'urori sun kasa haɗa shi. Ayyukan gccrs da rustc_codegen_gcc suna ƙoƙarin kai Rust ga GCC. Haka kuma Rust ba shi da tsayayyen tsarin yadda sassan da aka riga aka juya ke kiran juna, don haka idan ana son haɗa shi da wani harshe ana bin tsarin C ne.

Ta biyar ita ce rashin cikakkiyar ƙa'ida irin wadda C ke da ita tun 1989. Masana'antun motoci da injunan masana'antu suna buƙatar kayan aikin da aka tantance. Kamfanin Ferrous Systems na Jamus ya cike wani ɓangare na giɓin da Ferrocene, kwamfailar Rust da ta samu tantancewar ISO 26262 da IEC 61508 a 2023.

Amfani

A 2021 Google ya sanar da karɓar Rust wajen gina sassan Android. Linux 6.1, da ta fito a Disambar 2022, ta zo da tallafin farko na Rust a zuciyarta, ko da yake an samu saɓani tsakanin masu kula da sassanta kan wanda zai ɗauki nauyin gyara mahaɗar harsunan biyu idan rubutun C ya sauya. AWS ya gina Firecracker da Rust, Microsoft kuma ya sake rubuta wasu sassan Windows da shi. A Fabrairun 2024 ofishin tsaron intanet na fadar shugaban Amurka ya fitar da rahoto yana kira ga masana'antu su koma harsunan da ke da tsaron ma'adana. A binciken shekara-shekara na Stack Overflow, Rust ya zo na farko shekaru da dama a jere tun daga 2016 a jerin harsunan da masu amfani da su ke son ci gaba da aiki da su.

Sauran sababbin harsuna sun ɗauki matsaya daban a kan wannan tambaya ta ma'adana. Go, wanda Google ya sanar a 2009, ya zaɓi mai kwashe shara da saurin juyi. Zig, na Andrew Kelley, wanda ya bayyana a 2016, ya bar sarrafa ma'adana a hannun magini, ya mayar da hankali kan sauƙin harshe da kyakkyawar haɗuwa da C.